Badujalar Alpha: Gidan Horon Yara da Ya Raini Mabusan Jamaika

Johnny Moore yana yaro a Kingston, babban birnin Jamaika, ya ji wani sa'ansa yana kiɗa da gwanintar da ta tsaya masa a rai. Da ya tambayi inda yaron ya koya, sai aka ce masa a Alpha. To, Alpha kuwa ba makarantar da uba zai kama hannun ɗansa ya kai shi don sha'awa ba ce. Gida ne na marayu, da yaran da aka tsinta a titi, da waɗanda suka gagari iyayensu har alƙali ya sa baki. Moore yana da iyayensa, yana da gidansu. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa da gangan ya dinga rashin ji da jawo magana, har mutanen gida suka gaji suka miƙa shi can. Ya shiga da sunan kangararre, ya fito da turampet a hannu. A 1964 yana cikin waɗanda suka kafa The Skatalites, ƙungiyar makaɗan da ta tsayar da kiɗan ska da ƙafafunsa, kuma daga tsatson ska ɗin nan ne rege ya fito, kiɗan da duk wanda ya san Bob Marley ya sani.

Cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, mutum huɗu 'yan Alpha ne: Moore ɗin, da Tommy McCook da Lester Sterling masu busa saksofon, da Don Drummond mai turombon. In aka fita daga wannan ƙungiya aka duba sauran, sunayen sai su yi ta zuwa: Joe Harriott, Dizzy Reece, Rico Rodriguez, Cedric Brooks, Eddie Thornton, Vin Gordon, mai ganga Leroy Wallace, mawaƙa irin su Johnny Osbourne da Leroy Smart da Yellowman. Duk daga harabar makaranta guda, wadda sistocin cocin Katolika ke riƙe da ita da kuɗin da bai taɓa isa ba.

Makarantu masu badujala suna da yawa a duniya. A Amurka da wuya ka sami babbar sakandare da ba ta da ita. Abin da ya ja hankalina ga Alpha shi ne a can busa tana cikin jerin sana'o'in da ake koya wa yaro don ya ci abinci, kafaɗa da kafaɗa da kafinta da ɗinki da aikin ɗab'i. Duk sauran abin da ya faru, mai daɗinsa da mai ɗacinsa, daga wannan ya taso.

Yadda gidan ya faro

A 1880 wata mata 'yar Jamaika, Jessie Ripoll, ta haɗa kuɗi da ƙawayenta suka sayi fili mai eka 43 a titin South Camp da ke Kingston, suka buɗe gidan marayu da yarinya ɗaya tak. Bayan 'yan shekaru aka fara karɓar yara maza. A 1890 sistocin ƙungiyar Sisters of Mercy suka iso daga Landan suka haɗa hannu da ita, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta amince da wurin a matsayin makarantar koyon sana'a da kotu za ta iya tura yara. A 1892 aka kafa badujala, amma ta ganguna da sarewa kawai, irin ta fareti. Sai a 1908 bishop ɗin Katolika na ƙasar ya ba da kyautar kayan busa na tagulla. Daga ranar ne aka sami abin da za a kira badujala sosai.

Akwai wani abu game da wurin da makarantar take da bai kamata a tsallake shi ba. Maƙwabcinta shi ne Up Park Camp, babban barikin sojan ƙasar. Sojoji kuma kullum suna neman mabusa da suka iya karanta rubutun kiɗa, suka saba da tsayuwa a layi da bin umarni. Yaron Alpha ya riga ya saba da duka. Tun farkon ƙarni na 20 hanya ta buɗe daga ƙofar makarantar zuwa ƙofar bariki. Leslie Thompson, wanda aka haifa a 1901, ta nan ya bi: daga Alpha ya shiga badujalar rundunar West India Regiment ta sojan mulkin mallakar Ingila, aka tura shi Kneller Hall, makarantar kiɗan sojan Ingila, daga baya ya koma Ingila da zama har ya yi busa tare da Louis Armstrong, shahararren mai turampet ɗan Amurka, a Turai. Wannan runduna ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, don ta yi zama a Saliyo da gaɓar tekun ƙasar da yau ake kira Gana, kuma mabusanta suna cikin waɗanda mutanen Cape Coast suka fara jin irin wannan busa a wurinsu. Da aka rushe rundunar a 1927, badujalarta ta zama Jamaica Military Band, ta kuma ci gaba da ɗibar 'yan Alpha.

Abin da ake yi a ɗakin badujala

Wanda bai taɓa riƙe ƙahon tagulla ba yakan ɗauka iska kawai ake hurawa. In ka hura iska kawai, ba abin da za ka ji sai huci. Leɓɓan mutum ne ke yin sautin. Ana matse su a bar 'yar ƙofa, a tura iska har su riƙa karkarwa, bakin ƙahon ya kama wannan karkarwa, bututun ya ƙara mata girma da zaƙi. Saboda haka duk inda ake koyar da wannan busa, sabon yaro yakan shafe kwanaki da ɗan bakin ƙahon kaɗai a hannu, yana fitar da wani sauti mai kama da kukan ƙudan zuma. Leɓe ya kumbura, ya yi tsami. Malami yana tsaye yana kallon kumatunsa, don a nan ba a yarda a cika kumatu da iska ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada ya ga akasin haka: kumatu kamar za su fashe, iska na ajiye a ciki, mabushi yana shaƙa ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Hanyoyi biyu ne daban, kowace da shekarun da take ci kafin a ƙware. A busan tagulla iskar daga ciki take tasowa, gefen baki a ɗaure tamau.

Bayan an sami sauti, sai jan dogon sauti: a kama murya ɗaya a riƙe ta tsaf, ba rawa, ba hawa ba sauka, har numfashi ya ƙare, a sake. Ba abin da ya fi wannan gundurar yaro, ba kuma abin da ya fi shi gyara mabushi. Turampet maɓallai uku gare ta, da su da ƙarfin leɓe ake fitar da duk muryoyin. Turombon ba shi da maɓalli ko ɗaya, sai dogon bututu da ake turawa a jawo, mai matsayi bakwai waɗanda ba a yi musu alama a jiki ba. Hannu ne zai haddace inda kowanne yake, kunne ya tabbatar. Kuskuren faɗin yatsa ya isa ya ɓata muryar layi guda.

A Alpha, tsofaffin ɗalibai sun sha faɗin cewa ba a fara miƙa wa yaro ƙaho. Allo ake fara sa shi gaba: layuka biyar na rubutun kiɗa, sunan kowace murya, tsawon kowace alama, inda ake shiru da tsawon shirun. Sai ya iya wannan sannan a duba ko akwai abin busa da ya rage. Sau da yawa babu, don kayan ba su kai yawan yaran ba, waɗanda ake da su ma sun sha hannu. Yaro kan jira, ya karɓi abin da ya samu ko da ba shi yake so ba, in wani ya bar makaranta ya matsa gaba. Shi ya sa da yawansu suka fito da hannu a kan abin busa fiye da ɗaya. Lester Sterling da turampet ya fara kafin ya koma saksofon, Cedric Brooks kuma da kilarinet.

Ni a ganina wannan ƙarancin bai zama alheri don kansa ba, kuma ba na son a mai da talauci abin yabo. Yaran da suka gaji da jira suka haƙura, ba wanda ya rubuta sunayensu. Amma tsarin da aka gina a kan ƙarancin ya yi aiki. Malamin badujala ɗaya ne, yara da yawa, don haka dole manya su koyar da ƙanana. Wanda ya shekara huɗu yana busa turombon za a ba shi sabon shiga ya zauna da shi a gindin bishiya, ya nuna masa riƙo, ya gyara masa leɓe, ya saurari darasinsa. Rico Rodriguez ya faɗa ba sau ɗaya ba cewa Don Drummond ne ya koya masa turombon a haka. Shi kuma Drummond a hannun malamin badujala Reuben Delgado ya tashi. Vin Gordon da ya zo daga baya, salon Drummond ya bi sau da ƙafa har aka riƙa kiransa ƙaramin Don.

A nan ne abin ya fi taɓa ni, don mu Hausawa mun san wannan tsari farin sani. A wurinmu kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yana tashi ya ga kalangu rataye a ɗaka, ya fara da ɗaukar kaya in za a tafi wasa, ya shiga amshi, a ba shi ƙaramar ganga, a hankali hannunsa ya faɗa. Ba ranar da za a ce yau aka fara koya masa. Wanda ba ɗan gado ba kuwa sai ya yi barance a gidan wani. Yaran Alpha ba su gaji komai ba, wasunsu ko sunan uba ba su sani ba. Abin da makarantar ta yi shi ne ta ƙirƙira musu gidan gado. Lennie Hibbert ya shiga yana ƙaramin yaro, ya fita ya yi aikin badujalar soja, a 1955 ya dawo ya zama malamin badujalar. Winston Martin, wanda aka fi sani da Sparrow, shi ma ɗan gidan ne, ya yi yawon kiɗa a duniya sannan ya dawo ya riƙe wannan kujera shekaru masu yawa. Yaro yana kallon malaminsa ya san cewa mutumin nan ya kwana a ɗakin da yake kwana, ya ci irin abincin da yake ci.

Abin da ake busawa kuwa ba ska ba ne, ba jaz ba ne, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da mabushi ke ƙirƙirar busarsa nan take. Kiɗan fareti ne, da waƙoƙin coci, da kiɗan gargajiyar Turai da aka rubuta wa badujala. Da su ake fita bukukuwan coci da tarukan gari, cikin kayan sarki, a gaban jama'a. Fitar nan tana da nata darasin da allo ba ya bayarwa. Mai tuba, wato ƙaton ƙaho mai kaurin murya, yana can baya yana riƙe da gindin kiɗan, masu turombon a tsakiya, masu turampet a sama, kowa da takardarsa daban, kuma dole ka ƙirga shirunka daidai ka shigo a inda aka ce, kana tafiya, rana na dukanka. In ka yi gaggawa kowa ya ji. In ka ji tsoro ka yi ƙasa da murya, wurinka ya zama rami. Yaron da aka kawo saboda ba ya jin maganar kowa, ga shi yana sauraron mutum talatin a lokaci guda.

Na tuna firamaren da na yi. Muna da babbar ganga ɗaya, ƙanana biyu, da wasu faranta na ƙarfe da ake gwarawa. A ofishin hedimasta suke kwana shekara guda cur, sai saura mako ɗaya a yi faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu a fito da su a kakkaɓe ƙura. Manyan yara masu ƙarfi ke dokawa, ba wanda ya koya musu, ba su kuma koya wa kowa ba. Shekarar da fatar babbar gangar ta yage, daga nan zancen ya mutu. Mun ji daɗin faretin ƙwarai, har yau ina jin amon a ƙirjina, amma ba ɗayanmu da ya fita da wani abu a hannu. Na san kuma iyaye da yawa a wurinmu ba za su so a ce ɗansu makaɗi ne ba, wasu don addini, wasu don yadda ake haɗa kiɗa da roƙo, kuma ba na raina wannan dalili nasu. Sai dai duk wanda ya tuna abin da aka bankaɗo a wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019 ya san cewa tambayar me za a yi da yaron da ya gagara tana nan a gabanmu. A Kingston an ba ta amsa da sana'a, busa kuma ɗaya ce daga ciki.

Matar da ta zauna

Malaman badujala sun zo sun tafi. Wadda ba ta tafi ba ita ce Sista Mary Ignatius Davies. An haife ta a 1921 kusa da Spanish Town, ta shiga zuhudu a 1939 tana 'yar shekara 17, kuma a Alpha ta yi kusan duk sauran rayuwarta har ta rasu a watan Fabrairun 2003. Shekara sittin da 'yan kai ke nan a gida ɗaya, tare da 'ya'yan wasu.

Ba ita ke tsayawa gaban badujala da sanda ba. Aikinta wani ne daban. Tana da tarin faya-fayen garmaho, na jaz da na kiɗan Amurka da na Latin da na gida, tana sa wa yaran su saurara. Da rana suna busa abin da ke rubuce a takarda, da yamma suna jin yadda manyan mabusan Amurka ke barin takarda su bi kunnensu. A tsakiyar shekarun 1960 ta sayi manyan lasifikoki da kayan sauti na wani tsohon ɗalibinta, waɗanda aka sani da sunan Mutt and Jeff, ta riƙa haɗa wa yaran wasa ranar Asabar, ita da kanta take zaɓen faifai. Tana buga ƙwallo da kurket da su, tana ƙarfafa musu gwiwar dambe. Ta san wane yaro ne kunnensa ke da kaifi, wane ne zai fi dacewa da ɗakin ɗab'i. In lokacin fitar yaro ya yi, yawanci yana ɗan shekara 16, makarantar ce ke nema masa wurin zuwa, shugabannin ƙungiyoyin kiɗa kuma sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa in suna neman mabushi.

Horon gidan mai tsanani ne, tsofaffin ɗaliban ba su ɓoye wannan ba. Tashi da asuba, addu'a, aiki, aji, sana'a, komai da ƙararrawa. Amma mutanen da suka zama manya a Landan da New York, in sun dawo Kingston, wurinta suke fara zuwa gaisuwa. Yaron da kowa ya sallama, in ya sami mutum ɗaya da ya san sunansa yau, ya kuma san shi bayan shekara talatin, ba ƙaramin abu ya samu ba.

Da kasuwa ta buɗe

Har zuwa shekarun 1950, ɗan Alpha hanya biyu gare shi in yana son ci da busa: soja, ko ƙungiyoyin da ke kiɗan rawa a otal-otal da kulob-kulob, irin ta Eric Deans wadda ta ɗauki McCook, daga baya ta ɗauki Drummond. Wanda ya ga wurin ya yi masa kaɗan sai ya hau jirgi. Dizzy Reece ya tafi Turai a 1948, daga baya ya koma New York. Joe Harriott ya sauka Ingila a 1951 ya zama ɗaya daga cikin mabusan jaz mafi ƙarfin hali a can. Moore ya gwada soja, bai daɗe ba aka sallame shi, don halinsa bai dace da bariki ba.

Sai wani abu ya canza a cikin gari. Masu manyan lasifikoki da ke haɗa rawa a unguwannin Kingston, irin su Clement Dodd da Duke Reid, da faya-fayen Amurka suke gasa. Da salon kiɗan Amurka ya juya, irin faifan da mutanensu ke so ya yi wuya, sai suka fara ɗaukar nasu a gida. Ɗaukar faifai a lokacin ba irin ta yau ba ce. Duka makaɗa ake tarawa a ɗaki ɗaya a ɗauka gaba ɗaya, wanda ya yi kuskure ya ja wa kowa a koma farko, kuma a yini guda ana son a gama waƙoƙi da dama. Mawaƙi zai zo da waƙarsa a ka, ba rubutu ba komai. Ana bukatar wanda zai saurara sau ɗaya ya gane muryar da take kai, ya raba wa masu busa uku abin da kowa zai busa, a gwada sau biyu a ɗauka. Wannan shi ne ainihin abin da yaron da ya sha allo da fareti ya iya.

Jamaika ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Agustan 1962, ska kuma ya zama muryar wannan zamani: ƙarfin bugun yana faɗawa a tsakanin taku maimakon a kan taku, masu busa su ɗauki kan waƙar tare kamar a fareti, sannan a saki kowa ya yi nasa shi kaɗai kamar a jaz. Wanda ya san tarihin Alpha zai ji darasin rana da faifan yamma duka a ciki. A situdiyon Dodd, Studio One, waɗannan mabusa ne suka raka Bob Marley da abokansa a faifansu na farko da ya yi tashe, lokacin suna samari ba wanda ya san su. Da ska ya lafa, McCook ya koma wurin Duke Reid ya jagoranci makaɗan da suka sassauta kiɗan zuwa salon da ya haifi rege. Rico kuwa ya tafi Ingila a 1961, bayan shekaru ya yi busa da ƙungiyar The Specials, a 2007 masarautar Ingila ta ba shi lambar girma ta MBE.

Don Drummond

Ba zai yiwu a ba da labarin nan a tsallake shi ba, kuma ba daidai ba ne a ba da nasa a manta da Anita Mahfood, matar da ta rasa ranta a hannunsa.

An kawo Drummond Alpha a 1943 yana ɗan shekara tara, saboda gudun makaranta. Yaro ne mai shiru, ba ya shiga mutane. Ya fita a 1950, kafin a jima duk Kingston ta san ba mai riƙe turombon kamarsa. Ya tsara kiɗa masu yawa, galibinsu da wata murya mai sanyaya jiki ko da ana cikin rawa. Amma yana fama da taɓin hankali, an kwantar da shi a Bellevue, asibitin masu taɓin hankali, ba sau ɗaya ba, yakan fito ya koma busa, ciwon ya sake tashi. A farkon watan Janairun 1965, a gidan da suke zaune a unguwar Rockfort, ya kashe Anita Mahfood, shahararriyar mai rawa da ake kira Margarita, wadda suke tare. Kotu ta same shi da laifi, ta kuma ce ba ya cikin hankalinsa, aka mai da shi Bellevue. A can ya rasu ranar 6 ga Mayun 1969. The Skatalites ba su kai ƙarshen 1965 a haɗe ba. Ƙungiyar da ta canza kiɗan ƙasa guda, a zubinta na farko ba ta cika shekara biyu ba.

Masu son Alpha sukan bi ta kan wannan da sauri. Ni ina ganin a nan ne iyakar abin ta fito fili. Makarantar ta ba shi sana'a, ta ba shi shekara bakwai na tsari da kulawa, amma ba a gina ta don ta gane ciwon ƙwaƙwalwa ko ta yi maganinsa ba, ƙasar ma a lokacin ba ta da abin da ya wuce a kulle mutum. Gwanintarsa ta sa mutane suka riƙa ɗaukar alamun ciwon a matsayin halin gwanaye. Wadda ta biya wannan da ranta mace ce mai 'ya'ya, mai nata suna a fagen rawa.

Akwai kuma zancen kuɗi. An koya wa yaran karanta rubutun kiɗa, ba a koya musu karanta takardar yarjejeniya ba, yawanci ma babu takardar. Mai situdiyo yakan biya mabushi ladan waƙa a ranar da aka ɗauka, shi ke nan. Faifan ya yi ta sayuwa shekara da shekaru a Landan da Tokyo, wanda ya tsara busan ba ya ganin ko sisi. Joe Harriott, da duk sunan da ya yi, a Southampton ya rasu a 1973 yana ɗan shekara 44, hannunsa babu komai. Sana'ar da Alpha ta bayar ta fitar da yara daga titi, amma kasuwar da suka shiga ta wasu ce.

Bayan 2014

Shekara 11 bayan rasuwar Sista Ignatius, sistocin suka sanar da rufe ɓangaren kwana. Kuɗin da gwamnati ke bayarwa a kan kowane yaro bai isa ba, ga shi kuma ana kawo yara masu raunukan zuciya da suka fi ƙarfin ma'aikatan da ake da su. An yi ta cece-kuce a ƙasar, tsofaffin ɗalibai da yawa abin ya yi musu ciwo. Wurin ya koma makarantar jeka-ka-dawo mai suna Alpha Institute, ta samari masu neman sana'a: kafinta, aski, gyaran lambu, buga zane a riga, da kiɗa. An ƙara abin da da babu, wato aikin situdiyo da sarrafa sauti da kwamfuta, daga baya kuma aka buɗe sashen kiɗa mai ba da takardar shaida ta gaba da sakandare.

Wannan ya toshe wani ɓangare na ramin da su Harriott suka faɗa, don wanda ya iya ɗaukar sauti da kansa ba ya cikin tafin hannun mai situdiyo kamar da. Abin da aka rasa shi ne lokaci. Drummond ya shiga yana da shekara tara, ya kwana ya tashi da amon badujala a kunne har shekara bakwai, manya na gabansa, ƙanana na bayansa. Saurayin yau yana zuwa da gemunsa ya fara tsirowa, ya yi awoyinsa, da yamma ya hau mota ya koma unguwar da ya fito, inda ba lalle ne a sami wurin da zai ja dogon sauti ba tare da maƙwabta sun yi magana ba. Leɓen mabushi kuwa da ƙuruciya ya fi saurin faɗawa.

Badujalar dai tana nan a titin South Camp, tana fita wasa. Makarantar kuma ta buɗe gidan rediyo a intanet mai ƙa'ida guda: ba a sa faifai sai wanda aƙalla ɗan Alpha ɗaya ya yi busa, ko kiɗa, ko waƙa a cikinsa. Dare da rana yake aiki, daga jaz ɗin Landan na shekarun 1950 zuwa ska da rege da abin da ya biyo bayansu.